Filin Tambaya da Amsa: Sun Zo Aji, Hankalinsu Bai Zo Ba

Wasiƙu uku muka zaɓa a wannan fitowar, dukkansu daga Sakkwato, biyu daga malaman kimiyya a manyan makarantu, ɗaya daga ɗalibi. Mun haɗa su wuri ɗaya domin ciwo ɗaya suke kuka da shi, kowa daga inda yake tsaye. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu tambaya da na makarantunsu.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata babbar makaranta a jihar Sakkwato, ina koyar da kimiyyar sinadarai ga 'yan shekarar farko, kuma wannan ce shekarata ta huɗu a aikin. Ajina ya haura mutum ɗari da hamsin. Kimanin ashirin da ke zama a layukan gaba su ne ke biye da ni, sauran kuwa wasu na latsa waya, wasu na gyangyaɗi, wasu na kwafar abin da ke kan allo ba tare da sun san abin da suke rubutawa ba. Idan na ce "kun gane?" sai su amsa da "e" baki ɗaya, amma idan aka yi gwaji sai fiye da rabi su faɗi, musamman a lissafin mol, wato ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari. Na yi faɗa, na yi nasiha, na yi barazanar rage maki, babu abin da ya canja. Abokan aikina sun ce in daina wahalar da kaina, wai yaran yanzu takarda kawai suke nema. Zuciyata ba ta kwanta da wannan magana ba. Wace shawara za ku ba ni?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, Malam. Ba zan ce babu gaskiya ko kaɗan a maganar abokan aikinka ba, domin a kowane aji akwai wanda takarda kawai ta kawo shi, kuma tun muna ɗalibai akwai irinsu. Amma mutum ɗari da talatin ba za su taru su zama malalata gaba ɗaya ba; ruwa ba ya tsami banza.

Idan ka tsaya a gaban allo ka dubi bayan aji, kamanni ɗaya za ka gani, kai a sunkuye da baki a rufe, alhali abin da ya sunkuyar da kowane kai daban ne. Akwai wanda tun a ƙaramar sakandare lissafin kaso da rabo ya kuɓuce masa, ya yi ta lallaɓawa da hadda har ya samu sakamakon WAEC ko NECO, yanzu kuma ka zo masa da abin da hadda ba ta ɗauka. Akwai wadda ta iya lissafin, amma Turancin lakca ya fi ƙarfin kunnenta, kafin ta warware jimlarka ta farko ka kai ta huɗu. Akwai wanda likitanci ya cika a fom ɗin JAMB, makinsa bai kai ba, aka tura shi inda yake yanzu, har yau bai gama zaman makokin burinsa ba. Akwai kuma wanda ya kai tsakar dare yana kabu-kabu domin haɗa kuɗin rajista, ya shigo ajin ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, cikinsa babu komai. Faɗa da nasiha da barazana maganin lalaci ne kaɗai, shi ya sa ba su yi maka aiki ba.

Abin da ya haɗa mafi yawansu kuwa kunya ce. Saurayi ɗan shekara ashirin ba zai ɗaga hannu a gaban taro, ga 'yan mata a ciki, ya ce bai san yadda ake raba 4 da 0.5 ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, don haka sai ya koma baya ya ciro waya, domin a ce da shi bai damu ba ya fi masa sauƙi a kan a ce da shi daƙiƙi.

Aikinka na farko shi ne ka gano inda kowa ya yi tuntuɓe, tun da inda ka tarar da shi kwance ba nan ne farkon abin ba. David Ausubel, masanin halayyar koyo, ya rubuta tun 1968 cewa babu abin da ya fi tasiri a kan koyon ɗalibi kamar abin da ya riga ya sani, kuma wajibin malami ne ya binciko wannan ya ɗora a kansa. Ka ware minti ashirin a darasi mai zuwa ka ba su tambayoyi kamar takwas, ka tabbatar musu babu maki a ciki kuma ba za a kira sunan kowa ba. Ka sa rabawa da lamba mai ɗigo, da ninkin goma irin 10³ da 10⁻², sannan ka sa wasu tagwayen tambayoyi. Ta farko da Hausa: idan mudu 4 na gero suka ba da curin fura 60, mudu 7 za su ba da nawa? Ta biyu da Turancin littafi: idan giram 4 na haidirojin suka ba da giram 36 na ruwa, giram 7 za su ba da nawa? Lissafi ɗaya ne aka canja masa riga. Wanda ya ci ta gero ya faɗi ta haidirojin, harshe da baƙin sunaye ne suka razana shi, kuma maganinsa yana kusa. Wanda ya faɗi duka biyun shi ne ke bukatar a koma da shi baya na 'yan makonni, kuma gara ka san yawan irinsa a makon farko da ka sani ranar duba jarrabawa.

Bari in ɗan daɗe a kan mol, tun da shi ka ambata. Alex Johnstone, wanda ya daɗe yana nazarin koyar da sinadarai a Jami'ar Gilasgo da ke Birtaniya, ya bayyana cewa wannan fanni hawa uku gare shi: abin da ido ke gani, kamar gishiri a tafin hannu, da ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, da alamomin da muke rubutawa a allo, irin su NaCl, alamar gishiri. Malamin da ya gwanance yana tsalle tsakanin hawa ukun cikin jimla ɗaya ba tare da ya lura ba, ɗalibi kuwa yana ƙasa yana neman tsani. To, ka ba shi tsanin daga kasuwa. Duk ɗan Sakkwato ya san ƙwaryar goro ɗari ce, dozin sha biyu ne, wato suna ne aka raɗa wa adadi. Mol ma sunan adadi ne, sai dai adadin ya wuce misali, 6.022 × 10²³, domin abubuwan da ake ƙirgawa sun kai matuƙa wajen ƙanƙanta. Tun da hannu ba ya iya ƙirga su, sai a ƙirga su da sikeli, kamar yadda mai sayar da ƙusa ba ya zama yana ƙirga dubu ɗai-ɗai, aunawa yake yi domin ya san nauyin guda. Ka shigo aji da giram 18 na ruwa a 'yar kwalba, wanda bai fi babban cokali ɗaya da ɗan ƙari ba, da giram 58.5 na gishiri a leda, da giram 342 na sukari, ka jera su a tebur ka ce kowanne mol ɗaya ne. Adadi ɗaya ne, nauyi ya bambanta, kamar yadda goro ɗari da dabino ɗari ba za su tashi ɗaya a sikeli ba.

Daga nan sai ka kai su Kalambaina, inda masana'antar siminti take a gefen Sakkwato, da baki. Dutsen da ake haƙa a can domin yin siminti mafi yawansa sinadarin da ake rubutawa CaCO₃ ne, kuma idan wuta ta kai wajen digiri 900 sai ya rabu biyu, daskararren sinadarin CaO ya zauna, iskar CO₂, irin wadda muke fitarwa a numfashi, ta tashi. Mol ɗaya na CaCO₃ giram 100 ne, yana ba da giram 56 na CaO da giram 44 na iskar. Ka tambaye su, idan an ƙona tan 100 na tsantsar wannan dutse, tan nawa zai rage, ina kuma sauran ya tafi? Ɗalibin da ke ganin tireloli kullum suna fita da buhunan siminti zai fi tsayawa ya yi wannan lissafi a kan wanda aka ce masa ya nemo x.

Sai maganar "kun gane?". Ina roƙonka ka jingine wannan tambaya daga yau. A tarbiyyarmu yaro ba ya duban malami ya ce bai gane ba, domin yana jin kamar ya ce malam bai iya ba ne, saboda haka "e" ɗin da suke ba ka ladabi ne kawai, babu labarin da za ka ɗauka a cikinta. Kada ka ɗauka mu kaɗai ke da wannan ruɗi. Eric Mazur, malamin fiziks a Jami'ar Harvard da ke Amurka, ya yi shekaru yana lakca ɗalibai na yabonsa, sai a farkon shekarun 1990 ya ba su wani gwaji na fahimta wanda babu dogon lissafi a cikinsa, ya tarar da yawa daga cikin masu cin jarrabawarsa ba su fahimci dokokin motsi na Newton, waɗanda su ne tushen darasin, ba. Ya ba da labarin cewa wata ɗaliba har tambayarsa ta yi ko ta amsa yadda ya koya musu ko yadda ita take ganin abin a zuciyarta. Daga nan ya canja salon ajinsa, kuma salon nasa ba ya bukatar majigi ko wutar lantarki.

Ga yadda za ka yi a ajinka: kowa ya naɗe takarda gida huɗu ya rubuta A, B, C, D da manyan baƙaƙe. Bayan bayanin minti goma sha biyar, ka rubuta tambaya ɗaya a allo wadda hadda ba ta amsa ta. Misali, an auna ƙusa, aka bar ta a danshi har ta yi tsatsa, aka sake auna ta tare da dukkan tsatsarta. Nauyinta ya ƙaru, ko ya ragu, ko yana nan yadda yake, D kuma ta zama "ba ni da tabbas". Da yawa za su ce ya ragu, domin a bakinmu tsatsa cin ƙarfe take yi, alhali iskar oksijin ce ta shigo ta haɗu da ƙarfen, nauyi ya ƙaru. A yi shiru na minti ɗaya, sannan kowa ya ɗaga takardarsa daidai ƙirjinsa a lokaci ɗaya, yadda kai ne za ka gani ba na bayansa ba. Idan aji ya rabu, ka ce kowa ya nemi na kusa da shi wanda amsarsu ta bambanta ya gamsar da shi cikin minti biyu, kai kuma ka bar gaban allo ka ratsa har layin ƙarshe kana saurare. Sai a sake ɗagawa, sannan ka yi bayani. Ɗalibin da ya gane abu minti biyar da suka wuce yana tune da inda wuyar take, mu malamai kuwa mun daɗe da mantawa, shi ya sa sau da yawa bayanin aboki ke shiga inda naka ya ƙi.

Wannan ba zato ba ne. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 da aka yi a azuzuwan kimiyya da lissafi da injiniyanci na jami'o'i, suka tarar a inda lakca zalla ake yi kusan 34 cikin 100 ne ke faɗuwa, a inda ake sa ɗalibai aiki a cikin aji kuwa kusan 22 ne. Galibin binciken a Amurka aka yi shi, a azuzuwan da ba su san zafinmu da cunkosonmu ba, amma a ganina ajin da mutum zai iya ɓuya a cikinsa zango guda ya fi nasu bukatar abin. Sai dai ka shirya wa ƙorafi. Wani bincike da aka buga a 2019 daga Harvard ɗin ya nuna ɗaliban da aka sa aiki sun fi ci a gwaji, amma a ransu suna jin sun fi ƙaruwa da lakcar da suka zauna suka saurara. Za a ce Malam ba ya koyarwa, mu yake sa wa mu koyar da kanmu. Ka faɗa musu dalili tun ranar farko, ka kuma sanar da shugaban sashe kafin maganar ta riga ka zuwa ofishinsa.

Waɗannan ashirin na gaba kuma kada ka bar su su ci su kaɗai. A tsakiyar shekarun 1970 Uri Treisman ya bibiyi ɗaliban lissafi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, yana neman dalilin da ya sa baƙaƙen fata masu ƙwazo ke faɗuwa alhali 'yan asalin Sin na ci. Ya tarar na farko kowa shi kaɗai yake karatu a ɗakinsa, na biyu kuwa bayan kowa ya yi nasa sai su haɗu su duba aikin juna. Da ya kafa zaman aiki na rukuni-rukuni bai kira shi ajin masu rauni ba, tambayoyi masu wuya ya ba su, kuma sakamakon ya canja. Mu a nan ba baƙin wannan tsari ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta taka kowane ƙauye da ƙafarta ba, shugabannin 'Yan Taru ta koyar, waɗanda ake kira jaji, su suka kai karatun ga matan karkara. Ka raba ajin gida-gida, mutum shida zuwa takwas, ka sa mai ganewa ɗaya a kowane gida, ka riƙa ba su tambayoyi biyar duk mako, ka kuma bar mata su zauna da mata idan sun fi sakewa a haka.

A makarantar allo ba a barin yaro ya wanke allonsa sai ya biya abin da ke kai babu gargada, mu kuwa a manyan makarantu muna wanke allo duk mako ko an iya ko ba a iya ba, sai ƙarshen zango mu riƙe baki. Ka mayar da minti biyar na farkon kowane darasi na biyawa, littafi a rufe, tambayoyi uku, biyu daga darasin da ya gabata, ɗaya daga na makonni uku baya. Su musanya takardu su duba wa juna, kai ka ɗebi ashirin ko talatin ka tafi da su gida, domin na san ba za ka iya duba ɗari da hamsin kullum ba. Roediger da Karpicke sun nuna a 2006 cewa wanda ya karanta ya rufe ya gwada tunowa ya fi riƙe abin bayan mako guda a kan wanda ya yi ta maimaita karantawa.

Za ka ce manhaja fa? Gaskiya ne wannan duka yana cin lokaci, kuma wurin da za ka samo lokacin shi ne shiftar da kake yi musu. Abin da za a iya bugawa a takarda ko a tura a zauren WhatsApp na aji kada ya ci minti ɗaya na darasi. Abu ɗaya da ba zan yarda ka yi ba shi ne sassauta jarrabawa ko kyautar maki don tausayi, domin da yawa daga cikinsu gobe aji za su shiga a Gwadabawa ko Tambuwal su koyar da 'ya'yanmu, kuma wanda aka tsallakar da shi bai iya mol ba zai turo maka ɗari irinsa bayan shekara shida. Akwai waɗanda ba za su motsa ba duk abin da ka yi, kada su hana ka barci. A zangon farko, idan ka fara jin gardamar tsatsa da ƙusa tana tashi daga layi na goma, abin ya kama.

Tambaya ta biyu

Salamu alaikum. Ni malama ce mai koyar da ilimin halittu. Na lura idan na juya bayani zuwa Hausa ajin kan farfaɗo, har waɗanda ba su taɓa magana ba su yi tambaya, amma wani babba a sashenmu ya ja mini kunne cewa ina lalata ɗalibai, tun da da Turanci za su rubuta jarrabawa. Ga shi kuma kayan ɗakin gwaje-gwajenmu ba su isa ba, sau da yawa a kan allo muke yin gwajin. In daina Hausar ne? Kuma yaya zan yi da rashin kayan aiki?

Amsa

Malama, Allah ya ƙara basira. Kada ki daina, amma ki yi mata ƙa'ida, domin babban naku yana da rabin gaskiya. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ife inda aka koyar da yara shekara shida na firamare da Yarabanci, Turanci yana matsayin darasi guda, kuma yaran ba su koma baya ba, har a Turancin. Wannan firamare ne, naki ɗaliban kuwa littattafansu da jarrabawarsu da Turanci suke, saboda haka ki buɗe ƙofa da Hausa, ki rubuta sunan abin da Turanci a allo, sannan ki sa su su mayar da bayanin cikin jimla biyu ta Turanci da hannunsu kafin a tashi. Idan wannan mataki na ƙarshe ya faɗi, tsoron babban naku zai tabbata. Ki kuma dubi ajin da kyau, domin a Sakkwato da wuya a rasa ɗan Yarabawa ko ɗan Ibo ko wani wanda Hausarsa ta kasuwa ce kawai, kuma haƙƙinsa ne duk abin da aka faɗa da Hausa a maimaita masa da Turanci.

Akwai tarkon da ba a cika lura da shi ba, wato inda Hausa ke da kalma ɗaya kimiyya kuma na da biyu ko uku. Man shanu a rana narkewa yake yi, sukari a shayi ma narkewa yake yi a bakinmu, alhali na farko zafi ne ya mayar da daskararre ruwa-ruwa, na biyu kuwa ƙwayoyin sukari ne suka bazu a tsakanin na ruwa. Zafi muke cewa ga abin da ma'aunin zafi ke nunawa, zafi kuma muke cewa ga makamashin da ke kwarara daga abu zuwa abu. Ƙarfi ya haɗa turawa da kuzari da saurin yin aiki, iska kuwa ta haɗa wadda muke shaƙa da wadda ke kaɗawa da ta tukunyar girki, ban da wadda ake kiran masu ruƙiyya dominta. A irin waɗannan wurare ki tsaya ki faɗa musu cewa a nan Hausa ta haɗa abin da kimiyya ta raba.

A fanninki babban misali shi ne taki, wanda duk manomi ke kira abincin shuka. Ki tambaye su daga ina gawo ya samo nauyin gangar jikinsa, za ki ji yawancinsu sun ce daga ƙasa. Sai ki ba su labarin van Helmont, wani masani a ƙasar da yau ake kira Beljiyam, wanda a ƙarni na 17 ya dasa 'yar bishiya mai nauyin kilo biyu da ɗoriya a cikin ƙasa kimanin kilo 90, ya yi shekara biyar yana ba ta ruwa kawai, ta kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa ba ta ragu da fiye da giram 60 ba. Shi ya ɗauka ruwa ne kaɗai ya zama itace, bai san rabon iskar CO₂ a ciki ba, kuma kuskuren nasa ya fi amsar daidai tayar da muhawara a aji.

Game da kayan aiki, madafin gidanki zai rage miki hanya. Ruwan soɓorodo yana ƙara ja idan aka ɗiga masa lemun tsami, yana komawa duhu mai kore-kore idan aka sa masa kanwa, kuma duk wadda ta taɓa kashe tsamin yakuwa da kanwa ta riga ta yi gwajin ba ta san sunansa ba. Yankan dankali a ruwan gishiri yana yaushi, na ruwa zalla yana ƙara tauri, wannan ya ishe ki buɗe darasin ratsawar ruwa ta bangon ƙwayar halitta. Yis da sukari da ruwan ɗumi a kwalba, a ɗaura balan-balan a baki, zai nuna musu numfashin da ba ya bukatar oksijin. Idan da hali ki kai su majema su ga yadda bagaruwa ke kama furotin ɗin fata ta hana ta ruɓewa, sana'ar da ta kai fatar jar akuyar Sakkwato har Turai. Amma kada waɗannan su zama hujjar a bar ɗakin gwaje-gwaje a yadda yake, domin soɓorodo ba ya koya wa ɗalibi saita madubin ƙara girma. Ki rubuta jerin abin da babu, da yawansa, ki miƙa ta hannun shugaban sashe, domin irin wannan bukata tana cikin abin da aka kafa asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund dominsa.

Tambaya ta uku

Ni ɗalibi ne a shekara ta biyu. Likitanci na so aka ba ni fiziks, yanzu ina ɗauke da kwas biyu da na faɗi. Ina kwana karatu idan jarrabawa ta matso, amma da na shiga ɗakin jarrabawa sai komai ya gudu. Kunya ta hana ni zuwa wurin malamai, kuma ban faɗa wa mahaifina ba.

Amsa

Ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Idan ka yi hadda ka san wannan, domin ba wanda ke barin tilawa sai daren musabaƙa. Ka ɗauki minti arba'in kullum bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, ka rufe littafi ka warware tambaya uku da alƙalami, sai ka buɗe ka ga inda ka kauce. Idan kaucewar a lissafi take, ka nemi littafin lissafi na ƙaramar sakandare a wurin ƙanenka ka bi babin da ya kuɓuce maka, babu wanda zai sani.

Wurin malami kuma kada ka je ka ce ba ka gane komai ba, domin bai san ta inda zai kama ba. Ka je da takardarka ka ce, "Allah ya gafarta Malam, na kawo nan, daga wannan layin na rasa hanya." Da wuya malami ya kori mai irin wannan tambaya. Fiziks ɗin da kake gani kamar hukunci shi ne tushen aikin hoton asibiti da na wutar sola, kuma a garin nan akwai cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo wadda ta daɗe tana aiki a kan hasken rana. Idan duk da haka zuciyarka na kan canjin kwas, sharuɗɗan suna cikin kundin ɗalibai na makarantarku, kuma galibi sai da maki mai kyau ake yarda, don haka ko ta wace hanya kwas biyun nan ne farkon aiki. Mahaifinka kuwa ka same shi kafin sakamakon wannan zango ya fito, ka tafi da jadawalin karatunka a hannu, ka kuma nemi kawu ko yayanka ya raka ka idan bakinka zai yi nauyi.